Joseph Swan: Mutumin da ya mayar da zaren auduga hasken dare

A ranar 27 ga Mayu, 1914, kusan wata biyar bayan Turawa sun haɗe Kudu da Arewa sun kira su Nijeriya, wani dattijo ɗan shekara 85 ya rasu a ƙauyen Warlingham da ke kudu da birnin Landan. Sunansa Joseph Wilson Swan. Da za a tambayi masu ilimin boko ɗari a Kano ko Katsina wane ne ya ƙirƙiro ƙwan fitilar lantarki, da wuya a samu biyu da za su ambace shi, domin Thomas Edison na Amurka kawai aka koya mana a makaranta. Amma shi wannan dattijo ya cancanci mu san shi, musamman mu ’yan ƙasar auduga, saboda rayuwarsa kusan duk ta tafi ne a kan tambaya guda: yaya za a ƙona tsiro ya zama gawayi, amma ya fito a siffar zare mai ƙwari? Amsar da ya samo ita ce tushen abin da duniya ke kira zaren karbon a yau, wanda da shi ake ƙera jikin jiragen sama da fukafukan injinan samar da lantarki daga iska.

Kada kalmar karbon ta firgita mai karatu. Asalinta daga Latin ne, kuma ma’anarta can ita ce gawayi. Masanan Faransa ne, ƙarƙashin jagorancin Lavoisier, suka aro ta a 1787 suka raɗa wa sinadarin da ke cikin gawayi. Saboda haka idan aka ce zaren karbon, zaren gawayi ake nufi, ba wani abu ba. Mai ƙona gawayi a gefen Dajin Rugu, tsakanin Batsari da Safana, ya san rabin wannan ilimi ko da bai taɓa shiga aji ba. Ya san idan ya tara itace ya cinna masa wuta a sarari, toka zai kwasa. Idan kuwa ya binne shi da ƙasa ya hana iska shiga sai ’yar kaɗan, ruwa da hayaƙi za su fita, itacen ya yi baƙi, amma ya riƙe siffarsa. Ɗaya rabin ilimin shi ne Swan ya kwashe shekara talatin da ɗoriya yana nema.

An haife shi ranar 31 ga Oktoba, 1828, a Sunderland, garin masu ƙera jiragen ruwa a arewa maso gabashin Ingila. Harkokin mahaifinsa sun ja baya tun yana yaro, don haka karatunsa na makaranta ya tsaya yana ɗan shekara 13 ko kusa da haka. Aka kai shi koyon aiki a kantin wasu masu haɗa magunguna biyu, Hudson da Osbaldiston, a kan yarjejeniyar shekara shida. Kafin wa’adin ya cika dukansu biyu suka rasu. A 1846 ya koma Newcastle wurin John Mawson, wani mai sana’ar magunguna wanda ya auri ’yar’uwarsa Elizabeth. Mawson ya lura da basirar yaron, ya ba shi ɗaki a saman kanti da lokacin yin gwaje-gwajensa, daga baya ma ya sanya shi abokin tarayya a kasuwancin. Swan bai taɓa zama ɗalibin jami’a ba. Iliminsa ya samo shi ne daga kantin magani da ɗakin karatu na gari da kuma laccocin da ake yi wa jama’a da yamma.

A irin waɗannan laccoci ne ya ga wani mai suna Staite yana nuna hasken lantarki, ya kuma karanta bayanin fitilar da wani Ba’amurke, J. W. Starr, ya yi wa rajista a 1845. Dabarar mai sauƙin faɗa ce. Idan lantarki ya bi ta cikin abu siriri mai yi masa turjiya, abin zai yi zafi har ya yi haske. Matsalar ita ce ƙarafan da aka sani a lokacin narkewa suke yi kafin su ba da hasken kirki. Gawayi kuwa ba ya narkewa a wannan zafi, sai dai yana cin wuta da zarar ya haɗu da iska. Ke nan ana bukatar abu biyu: lagwani siriri na gawayi, da kwalbar da aka zuƙe wa iska sarai.

Swan ya fara da takarda, wadda ita ma daga tsiro take. Yakan yanka ta siri-siri, ya jera a cikin tukunyar yumɓu, ya cika tukunyar da garin gawayi don ya toshe iska, ya rufe, ya kai a gasa a matoyar masu tukwane. Mai karatu zai ga babu wani bambanci na asali tsakanin wannan da ramin mai gawayi. Zuwa 1860 ya samu lagwanin takarda mai lanƙwasuwa da ya yi ja a cikin kwalba. Amma fitilar ba ta daɗe ba. Famfon zuƙar iska na zamanin ba ya kwashe ta duka, batir kuma yana da tsada da rauni. Da ya fahimci cikas ɗin ba daga gare shi yake ba, daga kayan aikin zamaninsa ne, sai ya ajiye maganar fitila ya koma wani fage.

Fagen kuwa shi ne ɗaukar hoto, kuma a nan ya samu abin rufin asiri. Kamfaninsu ya yi suna wajen haɗa sinadarin da ake shafa wa gilashin hoto. A 1864 ya yi rajistar wata hanyar wanke hoto da garin karbon wadda ke hana shi koɗewa, a 1879 kuma ya fito da takardar hoto ta buromaid, irin wadda masu hoton baƙi-da-fari suka yi ta amfani da ita har zuwa zamanin iyayenmu. Sai dai tsakanin waɗannan nasarori ya sha jarrabawa mai nauyi. A Disambar 1867 Mawson, wanda a lokacin yake riƙe da babban muƙami a hukumar birnin Newcastle, ya fita ya jagoranci zubar da wata nakiya da aka gano an ɓoye a cikin gari, sai ta tashi da shi da wasu mutane. Makonni kaɗan bayan haka matar Swan, Frances, ta rasu bayan ta haifi tagwaye, su ma tagwayen ba su yi rai ba. Nauyin kamfani da na marayu da na ’yar’uwarsa da ke takaba duk ya dawo kansa. A 1871 ya auri Hannah, ’yar’uwar marigayiyar, amma sai da suka tafi Suwizalan aka ɗaura auren, domin dokar Ingila ta haramta irin wannan aure har zuwa 1907, abin da a wurinmu halal ne kuma sananne. Za mu sake haɗuwa da Hannah a gaba, domin tana da hannu a wannan tarihi.

Ana cikin haka sai kayan aiki suka iso. A 1865 wani Bajamushe mazaunin Ingila, Hermann Sprengel, ya ƙera famfon da ke amfani da zaiba wajen zuƙe iska fiye da duk wanda aka taɓa gani. A 1877 Swan ya ci karo da sunan wani ma’aikacin banki a Birkenhead, Charles Stearn, wanda ya ƙware da wannan famfo a lokutan hutunsa. Suka haɗa kai, Swan yana aika lagwani, Stearn yana rufewa a kwalba. Da farko kwalaben baƙi suke yi, har sai da suka gano cewa shi kansa gawayin yana ɓoye iska a jikinsa, yana sakinta idan ya ji zafi. Maganin shi ne a kunna lagwanin tun ana cikin zuƙar iskar, sannan a toshe kwalbar. A Disambar 1878 ya bayyana aikinsa ga ƙungiyar masana sinadarai ta Newcastle, ranar 3 ga Fabrairu, 1879 kuma ya kunna fitilar a gaban mutum fiye da 700 a zauren ƙungiyar adabi da falsafa ta birnin.

Wannan fitila tana da aibi. Lagwaninta sandar gawayi ce mai ɗan kauri, wadda ke shan lantarki da yawa. Ana bukatar abu siriri kamar gashi, kuma mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, domin duk inda lagwani ya fi sirancewa nan zafi ke taruwa, nan kuma yake tsinkewa. A nan ne auduga ta shigo. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na farin auduga sinadari ɗaya ne da ake kira selulos, wanda shi ne ginshiƙin jikin kowane tsiro. Amma duk macen da ta taɓa riƙe mazari ta san zare tarin ƙananan silaye ne da aka murɗe, kuma komai gwanintar mai kaɗi ba a rasa gurbin da ya fi wani kauri. Dabarar Swan ita ce ya tsoma zaren cikin asid ɗin salfa, dangin ruwan batir, na ɗan lokaci. Asid ɗin yakan narkar da silayen kaɗan, su manne su zama jiki ɗaya sumul kamar tsirkiya. Sai a wanke, a shanya, a ja shi ta ƙananan ramuka don kaurinsa ya daidaita, sannan a gasa. Ya yi rajistar wannan hanya a Nuwamban 1880.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Oktoban 1880, a wannan zaure dai, aka rage fitilun gas 70 aka kunna ƙwayayen Swan 20 a madadinsu. Gidansa na Gateshead yana cikin gidajen farko a duniya da aka haskaka da ƙwan lantarki. A ƙarshen shekarar attajiri William Armstrong ya sa aka haɗa masa su a gidansa na Cragside, da lantarkin da ruwa ke samarwa. A 1881 aka buɗe masana’anta a Benwell, aka kuma haskaka gidan wasan kwaikwayo na Savoy a Landan da ƙwayaye kusan 1,200. Duk wannan haske daga ƙonannen zaren auduga yake fitowa.

To ina Edison a wannan labari? Adalci shi ne a ba kowa haƙƙinsa. A Oktoban 1879 Edison ya kunna lagwanin zaren auduga da ya yi awa 13 da ɗoriya, daga baya ya koma gora, ya aika mutane ƙasashe suna nemo masa iri-iri har aka dace da ta Yawata kusa da Kyoto a Japan, wadda lagwaninta ke wuce awa 1,200. Edison ya riga Swan fahimtar muhimmancin lagwani siriri, ya kuma tsara harkar gaba ɗayanta, tun daga injin samar da wuta har zuwa mita. Ya kuma fi shi zafin nama wajen rajista. Swan ya ɗauka cewa dabarar gawayi a cikin kwalba tsohuwa ce da kowa ya sani, don haka bai yi saurin neman takardar mallaka ba, sai ga Edison ya riga shi samunta a Ingila kanta. Rigima ta kai gaban kotu, amma ɓangarorin biyu suka ga sulhu ya fi, a 1883 suka haɗe suka kafa kamfani ɗaya wanda ƙwayayensa suka shahara da sunan Ediswan. Darasin da ke nan ga masu bincikenmu a bayyane yake: ilimin da ba a rubuta an yi masa rajista ba, na wanda ya riga kai wa ofis ne.

Babban aikin Swan, a ganina, ya zo ne bayan wannan sulhu. Bai gamsu da gyaran zaren da aka riga aka kaɗa ba, sai ya yi tunanin ya narkar da audugar gaba ɗaya ya sake yin zaren da kansa. Ya sarrafa ta da asid ta zama abin da ke narkewa, ya mayar da ita ruwa mai kauri kamar ƙaro, ya matsa ta ta wani ɗan ƙaramin rami zuwa cikin wani ruwan da ke daskarar da ita. Abin da ya fito sili ne guda, mai tsawon da ake so da kaurin da ake so. Ya yi rajistarsa a ƙarshen 1883. Wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya yi zare mai amfani ta hanyar matso narkakken tsiro, kamar yadda tsutsar siliki ke yi. Hannah ta karɓi mafi sirantar silayen ta yi saƙar kwarashi da su, aka baje kolin kayan a Landan a 1885 da sunan silikin roba. Swan bai bi ta kan harkar tufafi ba, amma abokan aikinsa, Stearn da Topham mai hura gilashi, sun ci gaba da ita tare da masanan da suka gano hanyar narkar da ɓargon itace a 1892, kuma daga nan masana’antar yadin reyon ta taso. Kamfanin Edison na Amurka ma daga baya ya bar gora ya koma lagwanin selulos.

Girmamawa ta zo masa a ƙarshen rayuwa. An zaɓe shi ɗan ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila a 1894, Jami’ar Durham ta ba shi digirin girmamawa, Sarki Edward na Bakwai kuma ya ba shi lambar Sa a 1904. Ya rayu har ya ga ƙarfen tangistin ya fara ture lagwaninsa daga kasuwa, musamman bayan 1910. Da ya rasu, mutane da yawa sun ɗauka zaren gawayi ya bi shi kabari.

Ashe kwana ya yi. A ƙarshen shekarun 1950, lokacin da Amurka ke neman abin da zai jure zafin roka, sai aka koma kan reyon ana gasa shi. Roger Bacon na kamfanin Union Carbide ya nuna a 1958 irin ƙarfin ban mamaki da silin karbon zai iya yi, kuma zaren karbon na farko da aka sayar a kasuwa daga reyon aka yi shi, wato daga tsiro. Sai Akio Shindo a Osaka da wasu masana a Farnborough ta Ingila suka nuna a farkon shekarun 1960 cewa wani zaren roba da ake samu daga man fetur ya fi ba da ƙarfi da yawa. Dalilin lissafi ne. Karbon da ke cikin selulos kashi 44 ne cikin ɗari, kuma wajen gashi yawanci kashi 10 zuwa 30 kawai ke saura, alhali na fetur yana barin kusan rabi. Shi ya sa a yau kusan kashi 90 cikin ɗari na zaren karbon na duniya daga fetur yake. Silinsa bai kai kaurin gashin kai ba, ana gasa shi a zafin da ya wuce digiri 1,000 inda babu iskar oksijin, kuma kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 daga haɗin irin wannan kaya ne.

Yanzu kuma duniya ta sake waiwayar tsiro, saboda tsadar zaren fetur da yawan makamashin da yake ci da kuma matsalar ɗumamar yanayi. Cibiyoyin bincike a Jamus da Suwidin da Finlan da Oak Ridge ta Amurka suna aiki a kan selulos da kuma liginin, wato sinadarin da ke ƙarfafa itace, wanda karbon ɗinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari kuma masana’antun takarda ke ƙona shi a matsayin shara. Har yanzu zaren tsiro bai kamo na fetur a ƙarfin da jirgin sama ke bukata ba. Amma matakan da ake bi, wato a narkar, a matso, a gasa ba tare da iska ba, su ne dai waɗanda Swan ya shimfiɗa.

Abin tambaya a nan shi ne, ina muke a wannan tafiya? Lokacin da Swan ke gasa takarda a tukunya, Heinrich Barth ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarar da tufafin da masaƙanmu da marinanmu suka yi suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. A wancan zamani mu masu sarrafa auduga ne. Bayan kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902 da isowar jirgin ƙasa, aka gina gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, muka koma masu ɗaure ta a dila muna aikawa. Masaƙun Kaduna da suka fara a 1957 sun dawo mana da wani ɓangare na martabar, su ma akasarinsu sun rufe. A ƙasar Ruma da Safana kuwa, inda matsalar ’yan bindiga ta raba manoma da yawa da gonakinsu a shekarun baya-bayan nan, ana sare ƙirya da marke ana mayar da su buhunan gawayi da ake sayarwa a bakin titi. Itacen da ya shekara hamsin yana girma yakan ƙare a murhu cikin mako guda. Karan auduga da na rama da na dawa da ɓawon gyaɗa, waɗanda duk selulos ne da liginin, mafi yawansu wuta ke cinyewa a gona.

Ba ina cewa gobe a kafa masana’antar fukafukan jirgi a Batsari ba ne. Wanda bai iya rarrafe ba ba ya gudu. Amma akwai matakai na ƙasa da ba su fi ƙarfinmu ba: gawayin tace ruwan sha daga sharar gona, curin gawayin girki daga kara maimakon itace, tataccen selulos daga gashin da ke saura a jikin angurya, da karbon na cikin batir. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ta daɗe tana fitar da irin auduga, da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Basawa a Zariya, da Hukumar Binciken Albarkatun Masana’antu da aka kafa a 1987, ga Jami’ar Tarayya ta Dutsin-ma a maƙwabtan Safana, ga Jami’ar Umaru Musa ’Yar’aduwa a Katsina. Kowace daga cikinsu ta fi ɗakin saman kantin Mawson kayan aiki.

Abin da Swan ya samu wanda matasanmu ba su samu ba abu uku ne. Na farko, maigidan da ya ba shi wuri da lokaci, bai ce sai ya ga riba a ƙarshen wata ba. Na biyu, attajirin garinsu da ya sayi ƙirƙirarsa tun tana jaririya ya sa a gidansa. Na uku, kuma wannan ya fi damuna, ya ji bayanin kimiyya da harshen da ya tashi da shi, a zauren da talaka ke iya shiga. Yaron kantin magani ya zama masani ne domin babu katangar harshe tsakaninsa da ilimi. Ɗan mai gawayi na Runka ko Wagini, wanda ya san halin wuta da itace fiye da yawancin masu digiri, wa zai gaya masa da Hausa cewa sana’ar ubansa ƙofa ce ta babban ilimi? Wannan aiki ne da ke kan malaman kimiyya da na harshe da gidajen rediyonmu baki ɗaya.

Daga ƙarshe, ina kira ga gwamnatin Jihar Katsina da attajiranmu da su ware wani abu, komai ƙanƙantarsa, don binciken sarrafa sharar gona, a kuma ba shi wa’adin shekaru masu yawa, domin Swan ya fara yana saurayi bai ga hasken fitilarsa ba sai da ya kai shekara 50. Auduga dai muna da ita, kara muna da shi, masu basira ma Allah bai hana mu ba. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu da gonakinmu, Ya kuma ba shugabanninmu haƙurin shuka abin da wasu za su girba.